Godiya bayan daren Tiga

Alhamdu lillahi. Ƙanena Auta yana gida, ya ci tuwo, yanzu haka barci yake a ɗakin Inna. Injin jirginsa na ruwa da ya mutu a dam ɗin Tiga ma ya tashi. Tun Laraba ban iya ɗaga wayar kowa yadda ya kamata ba, ku yafe mini, duk na ga saƙonninku.

Kun san yadda aka kwana, ba sai na maimaita ba. Abin da ya ƙi barin kunnena shi ne kiransa na ƙarshe kafin caji ya ƙare: "Yaya, inji ya yi zafi ya mutu, muna tsakiyar ruwa, ga hadari ya haɗo." Mutum shida a jirgi, har da mai goyo. Ina Ɗorayi, suna Tiga. Duk wanda yake Kano a 2021 ya san abin da ke faɗo wa mutum a rai in aka haɗa jirgi da dam, tun kifewar jirgin ruwa a Bagwai. Inna ko hawaye ba ta yi ba. Dadduma ta shimfiɗa, ba ta naɗe ba sai da aka kira assalatu.

Godiyata ta farko ga dattijon masuncin da ya hango hasken tocilan, ya bar tarunsa ya nufe su da filafili. Ya tarar Auta ya ɗaga ƙafar injin, ya cire ledar fiyawata da ta manne a ragar da ruwa ke shiga, yana ta fizgar igiya yana son ya sake tayarwa. Sai ya riƙe masa hannu. "Yaro, da ya tashi ɗazu ka ga yana tsarto ruwa ta baya?" Ya ce a'a. "To bar shi haka, in ka matsa masa yau ka rasa shi." Ya ɗaura musu igiya, shi da ɗansa suka yi ta tuƙi a cikin iska har gaɓa. Da safe na miƙa masa ɗan abin da ke aljihuna, ya ce in saya wa mai goyon nan shayi. Baba, Allah Ya ja ka zuwa Aljanna kamar yadda ka jawo su.

Sai Baba makanike na Ƙofar Ruwa. Ya hana ni faɗin sunansa, amma 'yan layin sun san wa nake nufi. Mutum biyu sun riga sun ce mini injin ya ƙone, in sayar a kilo. Yamaha ne mai doki 40, ɗan Kwatano, da kuɗin adashe na saya wa Auta shi, kun ga kuwa maganar ba ta yi mini daɗi ba. Shi Baba bai ce komai ba. Siririyar waya ya fara zurawa a ɗan ramin da ruwa ke tsartowa, wai zanzaro kan yi gini a ciki ya sa mutum ya zargi famfo a banza. Babu komai. Ya kwance ƙafar injin, ya buɗe famfon ruwa, ya zaro imfela, wata 'yar roba mai fukafukai shida da ba ta cika tafin hannu ba. Biyu sun gutsure, sauran sun ƙandare sun lanƙwashe.

Ni a nan na ɗauka an gama, a sa sabuwa mu tafi. Ya ce ina gutsattsarin? Tun da ba sa cikin famfo, suna cikin hanyar ruwa, kuma in aka bar su sabuwar roba ba za ta hana zafi ba. Ya fi awa yana nema. A bayan tamostat, ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji, ya same su, ya juye mini a hannu, baƙaƙe, kamar ƙwayar gyaɗa. Na tsaya ina kallonsu, sai a lokacin jikina ya fara rawa. Wai wannan ne ya tsayar da rai shida a tsakiyar Tiga.

Tamostat ɗin ma bai ƙyale shi ba. Ya aika yaro wurin mai shayi ya karɓo ruwan zafi a kofi, ya jefa shi ciki, muna kallo ya buɗe baki. Lafiyarsa ƙalau, ya mayar da shi, ya ce kada mu biye wa masu cewa a cire a yar, injin da ba ya ɗumi shi ma cin fulogi yake. Ya duba fulogi biyun, babu ɗigon ruwa, gasket bai ƙone ba. Da ya ji labarin dattijon nan cewa ya yi shi ya ceci injin. Sannan ya juya kan Auta: "Kana tayar da shi a tudu da safe wai ya yi ɗumi ko?" Auta ya sunkuyar da kai. Ashe ruwa ne man robar nan, daƙiƙu kaɗan a bushe sun isa su cinye ta, ledar ƙarasawa kawai ta yi. Da aka tsoma shi a duro aka ja igiya, ruwa ya tsarto da ƙarfi, wallahi har kabbara yaran gareji suka yi.

Maƙwabcina mai a-kori-kura da ya kai ni Tiga ƙarfe 2 na dare bai karɓi ko kuɗin mai ba, liman da jama'ar masallacinmu, matan layinmu da suka kwana da Inna, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya tsare ku da zuri'arku a tudu da ruwa, Ya sa kada ku taɓa jin irin wannan kira. 'Yan uwan da suke nan cikin gari amma har yau ko jaje ba mu ji ba, mun gode, wataƙila sabis ne babu.

Na sayo rigunan ruwa shida da imfela ta ajiya, Inna ta ce ba zai koma ba sai da su. Wanda ya ara mana shuɗiyar igiya a bakin dam, tana wurina, Asabar zan kawo.