Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Kowane Ƙarfe Da Wutarsa

Makon jiya na tsaya a inda maigidana ya ɗauke ni daga kan zugazugi, ya ce lokaci ya yi da zan matso bakin tukunyar narki.

Da darma ya fara ni, don ita ba ta da gardama: a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas ta zama ruwa. Kuza ma ya riga ta, a 232. Lambobin nan daga baya na same su a littafi. Shi maigida da ido yake aiki, kuma ban taɓa ganin ya ƙona ƙarfe ba.

Alminiyam ne ya fi ba ni mamaki. Baƙin ƙarfe yana faɗa maka halin da yake ciki, ya yi ja, ya yi ruwan goro, ya yi fari. Wannan kuwa shiru. Da rana tsaka, mai sanyi da wanda ya kusa 660, inda yake narkewa, kamarsu ɗaya. Wata rana ina ta ƙara gawayi, guntun da ke cikin tukunya yana nan da siffarsa. Na ce, "Baba, ya ƙi fa."

Ya miƙo mini sandar ƙarfe. "Tsokane shi, yaro."

Ina taɓawa wata siririyar fata ta yage, ruwa mai ƙyalli ya malalo. Ashe tuni cikin ya narke, fatar ce ta riƙe shi. Iska ce ke haifar da ita a bayan ƙarfen, kuma ita sai zafi ya haura 2,000 take narkewa. Shi ya sa kwashe ta ake yi kafin zubi.

Ranar tagulla kuwa ba a wasa. Jan ƙarfe sai 1,085, tutiyar da ake gauraya masa ta narke tun a 420, ta tafasa a 907. Wuta na yin yawa sai farin hayaƙi ya turnuƙe, tutiyar ce ke gudu. Wanda ya shaƙa da yawa, da dare zai kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. Maigida ba mai faɗa ba ne, amma ka tsaya inda iska ke kai hayaƙin, ranar za ka ji muryarsa.

Abin da na daɗe ina juyawa a rai shi ne darmar liƙi. Kuza kashi 63, darma kashi 37, sai haɗin ya narke a 183, ƙasa da kowannensu. Haka baƙin ƙarfe: tsantsarsa 1,538, amma na zubi, mai sinadarin gawayi a ciki, wajen 1,200 ya sallama. Na tambaye shi dalili, ya yi dariya ya ce in je in kwashe toka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka fara kawo mana zinare, da yadda hannuna ya riƙa rawa a kan awartaki.