Juyen da ya kusa cinye mini inji

Idan bakanike ya ɓata maka mota a nan Kano, shawara biyu za ka fara ji daga 'yan uwa: wani ya ce ka ɗauko 'yan sanda, wani ya ce ka bar wa Allah. Ni ban bi ko ɗaya ba, kuma na samu haƙƙina.

Juye kawai na kai Corolla ɗita a yi mata, a wani gareji da na daɗe ina hulɗa da shi. Ogan ya tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya, sai yaronsa ya yi aikin. Ya zuba baƙin mai wajen lita 4, ya canza filta, na biya na tafi. Ina kan Titin Gidan Zoo na nufi Dangi sai jar wutar mai ta kama, inji ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na gangara gefe na kashe. Da na leƙa ƙasa, mai na tsiyaya daga notin juye, ga layinsa baƙi a kan kwalta iya ganina.

Masu Adaidaita Sahu suka taru, kowa da bakaniken da zai kira mini. Na yi godiya na ƙi. Da wani hannun ya taɓa motar, shi ke nan magana ta lalace, sai a ce shi ya ɓata. Na ɗauki hoton man da notin a waya, na kira ogan garejin ya zo ya gani da idonsa kafin a ja ta.

Ya zo, ya durƙusa ya duba, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Alhaji, sai haƙuri, ƙaddara ce. Ka san motar ta kwana biyu."

Maganar nan ta fi ɓarnar yi mini ciwo. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau, amma imani da ita bai taɓa ɗauke wa mutum biyan abin da ya ɓata ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce wurin da aka ce masu sana'a suna lamunin kayan da aka bar musu, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Malaman Malikiyya sun kafa wannan ne don kada dukiyar jama'a ta zama abin wasa a hannun tela, maƙeri da marini, kuma bakanike bai fita daga ciki ba. Na faɗa masa haka a hankali, ba zagi ba ɗaga murya, don mutum ne da muka yi shekaru ana mutunci.

Ya dage cewa injin dama ya gaji. Sai na nemi shugaban garejin. Mutane da yawa ba su san cewa manyan garejojin Kano suna da shugabanci ba, wasunsu kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar makanikai ta NATA. Shugaban dattijo ne, gashinsa duk furfura. Ya saurare mu a kan benci ƙarƙashin darbejiya, bai katse kowa ba, sannan ya ce ba za a yanke magana a kan inji rufe ba. Ya kira wani bakanike da ba ruwansa da mu, aka sauke kwanon mai a gabanmu duka.

Abin da aka gani ya kashe gardama. An ɗaura notin a karkace har haƙoran ramin suka cinye, sai aka nannaɗa masa farin tef irin na masu famfo aka tura. Dattijon ya warware tef ɗin da farcensa, ya ɗora a tafin hannun ogan, bai ce komai ba. A ƙasan kwanon kuma ga garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin ragowar mai, alamar metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya fara ci saboda inji ya yi gudu ba mai. Allah ya taimaka karanshaf, babbar sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, bai yi mummunan rauni ba, gogewa kawai yake so.

Aka yi sulhu a kan gareji zai sayi kwanon mai da metal, ya biya gugar karanshaf, ya yi aikin ba lada. Bakaniken da ya buɗe ya nuna cewa ringi, wato zoben fistin, ya riga ya ci tun kafin wannan, na ce wannan nawa ne, ni zan saya. Na roƙi a rubuta a takarda, mu biyu da shugaban muka sa hannu. Da abin ya faskara, akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha, akwai kotu. Amma da na fara da ofishin 'yan sanda, da an tsare yaro, mota ta yi ta shan rana, kuɗin gyara ya tafi a beli.

Wuri ɗaya na sa baki da ƙarfi. Ogan ya ce zai cire kuɗin daga jikin yaron, ko ya kore shi. Yaron nan bai kai shekara 20 ba, koyo yake, abin da yake samu bai wuce na abinci da na mota ba. Ya ɓoye ɓarnar ne don tsoron duka, kuma wanda ya tafi kasuwa ya bar masa motar mutane shi ne mai ɗaukar nauyi. Shugaban ya goyi bayana, ya ce wa ogan, "Malam, kai aka ba amana, ba shi ba." Aka ƙara wannan a cikin takardar.

Ogan ya sayo kayan a Ƙofar Ruwa tare da ƙanena, aka haɗa injin a gaban bakaniken da ya yi shaida. Motar tana kai ni Bichi ta dawo da ni, ba ƙara, ba ɗigon mai.