Takardar hoton ciki da muke ajiyewa ba a karanta ba

Gidaje da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, in ka ɗaga katifar tsohuwar gidan za ka tarar da babbar ambulan mai ruwan ƙasa, da hoton asibiti da takardarsa a ciki. An biya kuɗi, an bi layi, an ɗauki hoton, ciwo ya ɗan lafa, shi ke nan ba a koma wa likitan da ya tura ba. Wannan abu yana ci mini rai, domin hoton bai warkar da kowa ba, sai likita ya karanta shi ya san abin yi.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta daɗe tana fama da ciwo a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, musamman in ta ci abu mai maiƙo. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu likita ya rubuta mata hoton ciki, wato ultrasound, aka ce ta zo da safe ba ta ci komai ba, aƙalla awa 6. Akwai dalili. Matsarmama tana matsewa da zarar abinci ya shiga ciki, sai ta tsuke a kasa ganin abin da ke cikinta, iskar hanji kuma tana tare hoton. Hoton mara shi kuma akasin haka ne, a cika ki da ruwa a hana ki fitsari, don cikakkiyar mafitsara ce ke sa a ga mahaifa sosai.

A kan bencin jira akwai wata baiwar Allah daga Sabon Zango da aka mayar da ita gida, saboda ta sha koko da ƙosai kafin ta fito. An gaya mata kada ta ci, amma da Turanci da Twi aka faɗa, cikin sauri, ita kuma kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. Kuɗin trotro ya tafi, kasuwar ranar ta tafi. Ni a ganina kada a bar tsoho ya je irin wannan wuri shi kaɗai.

Ɗakin duhu ne, sai hasken na'ura. Namiji ne mai ɗaukar hoton, Gwaggo ta riƙe gyalenta gam ta dube ni. Na roƙa a bar ni in tsaya a gefenta, aka yarda, wata nas ma ta shigo. Ya shafa mata wani mai mai sanyi, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya dinga goga kan na'urar a cikinta yana cewa ta ja numfashi ta riƙe, ni ina maimaita mata da Hausa. Bai ce komai ba game da abin da ya gani. Muna fitowa ta kama hannuna: "'Yar nan, shirunsa fa? Ko ya ga wani mugun abu ne?" Na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, ba aikinsa ba ne ya faɗa miki, likitanki ne zai faɗa."

Haka abin yake. Sakamakon hoton ciki yakan fito a ranar, amma hoton ƙirji ko na ƙashi, balle CT, hoton da babbar na'ura ke ɗauka na cikin jiki dalla-dalla, sau da yawa sai likitan da ya ƙware a karatun hoto ya duba ya rubuta rahoto. Irinsu ba su da yawa a Ghana, akasarinsu kuma suna manyan asibitocin Accra da Kumasi, shi ya sa takardar kan ɗauki kwanaki. In ta fito, Turancin likitoci ne da awon milimita. Sai mu kai wa ɗan makaranta ko mai kemis ya karanta, ya tsinci kalma ɗaya ya tayar wa gida da hankali, ko ya ce ba komai alhali akwai.

Na Gwaggo tsakuwa ce a matsarmama. Likitanta ya haɗa takardar da gwajin jini, ya rubuta mata takardar zuwa babban asibitin Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee.

Maganar kuɗi: inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, tana sauƙaƙa abubuwa, amma sai katin yana aiki, ana kuma sabunta shi ta waya da *929#. Ki tambaya a teburin biya kafin ki shiga ko katin ya ɗauki irin hoton da aka rubuta miki, in kin biya kuma ki karɓi rasit. CT da MRI, wani hoton cikin jiki na babbar na'ura, ba a cika samunsu a ƙananan asibitoci ba, kuma suna da tsada, gara dangi su sani da wuri.

Masu tsoron cewa hoto yana ƙona jiki, hoton ciki da sauti yake aiki, shi ya sa ake yi wa masu juna biyu. Na ƙirji da CT ne suke da haske mai ratsa jiki, don haka mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin a fara. MRI maganaɗisu ne mai ƙarfi, sai an cire ɗan kunne da awarwaro, wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a jiki kuma ya sanar. In za a yi allurar da ke fito da hoton CT sosai, akan duba lafiyar ƙoda tukuna.

A Gee, likitan tiyata bai tsaya ga takardar turawa kaɗai ba, ya nemi ainihin hoton da rahotonsa, har ya tambaya ko an taɓa yin wani a baya don ya gwada su. Na riga na ɗauki rahoton a wayata, na tura wa ɗanta da ke Nima shi ma ya ajiye. An sa mata ranar tiyata bayan Sallah, muna roƙon addu'arku.