Sakamakon IELTS ya fito yau

Ina wajen mai masa a Wunti, nan Bauchi, bayan azahar saƙon sakamakon IELTS, jarabawar Turanci da jami'o'in waje suke nema, ya shigo wayata, wallahi sai da hannuna ya yi rawa kafin na buɗe. Sauraro 7, karatu 7, magana 6.5, rubutu 5.5. Matsakaicin makin 6.5. Na fara murna don 6.5 ɗin nake nema, sai na tuna sharaɗin jami'ar da nake so a Birtaniya, kada kowane ɓangare ya gaza 6.0. Masar nan ban ƙarasa ta ba, a leda na sa aka ɗaure min.

Abin ya min ciwo sosai, don rubutun na san inda na zame. Awa ɗaya suke bayarwa, aikin farko ka bayyana jadawali da kalma 150, na biyu ka yi muhawara da kalma 250 kuma shi ya fi maki. Ni da na yi shekaru a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ina lissafi da ƙididdiga, jadawalin kallo ɗaya na masa na gane komai, sai na zauna ina ta ƙawata shi har minti 30 suka wuce, na biyun a guje na yi shi ban ko sake dubawa ba.

Bayan magariba Baba ya kira ni tabarmarsa. Ya ce kai da lissafi za ka je karantawa me ya haɗa ka da jarabawar Turanci, ba ka ci a WAEC ba? Na ce Baba wasu jami'o'in suna karɓar C6 na WAEC amma wannan ba ta karɓa. Kuma karatun lissafin kasada ne, na inshora da fansho da takaful (inshorar Musulunci), ka auna shekarun da ɗan fansho zai yi yana karɓa da kuɗin da ya kamata a ware masa, sannan ka rubuta wa mutanen da ba su san lissafi ba su gane. Ya yi shiru, ya ce to ashe rubutun ma aikin ne, Allah ya dafa maka. Na ce amin Baba.

Tunda a kwamfuta na yi, akwai damar sake ɓangare ɗaya kawai cikin kwana 60, na tura wa jami'ar imel ko za su karɓa. Matsalar kuɗin ne da motar Abuja, inda zan je in sake. Yanzu dai an ɗauke wuta, na kunna fitilar waya na sa agogo minti 40, zan gwada rubuta muhawara ɗaya kafin in kwanta.