Sikelin gwangwani da rabon gado: yadda na share wa 'yata fagen aljabara

Shekara biyu ke nan da muka cire 'yata daga makarantar boko. Tana da sikila, kuma da hunturu ya kama ko damina ta kankama sai ta yi mako biyu ko uku a kwance, ta koma aji ta tarar an yi mata nisa, ta zauna tana kwafar littafin ƙawarta ba tare da ta san inda zancen ya dosa ba. Ni da Abbansu muka yanke shawarar ta zauna a gida in riƙa koya mata har jiki ya yi ƙwari. Islamiyya tana zuwa da yamma, tunda a bayan layinmu take nan Unguwar Dosa a Kaduna. Boko kuwa a kan tabarmar falo muke yi, daga bayan karin kumallo zuwa azahar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, shi ya sa ban ƙirƙiro tawa manhajar ba. Ta gwamnati nake bi, don ranar da za ta koma aji kada ta zama baƙuwa.

A lissafi ina taƙama da ita. Jadawalin sau har na sha biyu yana kanta, doguwar rabawa kuma kamar shan ruwa. Da ta cika shekara goma sha ɗaya, muna dab da shiga littafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare inda haruffa suke fara shiga cikin lambobi, wato aljabara, sai wata safiya na rubuta mata wannan a allo don ɗumama ƙwaƙwalwa kawai: 8 + 4 = __ + 5.

Ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba ta rubuta 12. Na ce ta sake dubawa. Ta ce, "Umma, ai takwas da huɗu sha biyu ne." Na ce, "To biyar ɗin nan fa, ado aka sa ta?" Ta yi shiru, ta goge, ta rubuta 17, ta ɗago tana murmushi. Gabana ya faɗi. A wurinta waɗannan layuka biyu na daidai ma'anarsu "ga amsa nan tafe", ba ta taɓa ɗaukarsu a matsayin cewa abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da na dama ba. Na gwada ta da rabi a tara da sulusi, ta tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ta ba ni biyu bisa biyar. Na ce, "Kina da rabin lemo, aka ƙara miki, sai ya koma bai kai rabi ba?" Ta ɗaga kafaɗa ta ce haka lissafin ya ba ta. Shekara biyu ni ce malamarta, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowace uwa mai firgici take yi: na ƙara aiki. Na shiga Kasuwar Gumi na sayo littattafan tambayoyi uku masu kauri, mai shagon yana rantse mini cewa duk yaron da ya gama su ya gama da lissafi. Tambaya hamsin-hamsin a shafi, duk iri ɗaya, kuma a ɗaya daga cikinsu na iske amsoshin da ke baya ma da kurakurai. Mako uku muka yi muna kuka, ita da hawaye ni a zuci. Daga nan na biya kuɗin wata manhajar waya mai zane-zane da kiɗa, wadda ake ba yaro tauraro in ya ci tambaya. Wannan kam ta so ta, har sai na ƙwace wayar. Na yi murna na kwana goma, sai ran nan na tsaya a bayanta ina kallon babban yatsanta. Amsa huɗu ake jerowa, ta danna ta farko, in ta yi ja ta danna ta biyu, tauraro ya faɗo, ta wuce. Ko tambayar ba ta karantawa. Yarinya ta ƙware a tara taurari, ni kuma ina biyan kuɗi duk wata.

Abin da ya fara aiki bai ci mini kuɗin kirki ba. Abbansu ya biya ta Panteka, kasuwar kayan ƙarfe, ya sayo mini notuna guda talatin masu girma ɗaya. Na ɗauki hangar rataye kaya, na ɗaura gwangwanin madara ɗaya a kowane gefe da zare, na rataye ta a ƙusar da ke ƙofar kicin. Sikeli ya samu. Ranar farko na zuba takwas da huɗu a gwangwanin hagu, biyar a na dama, na ce ta daidaita. Ta riƙa jefa noti ɗaya-ɗaya tana kallon hangar tana miƙewa, a na bakwai ta tsaya cak. Ta kalli allon da ke jingine, ta kalle ni, ta ce, "Au! Wai abin da ake nufi ke nan?"

Bayan kwana biyu na fara ɓoye notuna a cikin baƙar leda in ƙulle. Ƙunshi biyu masu adadi ɗaya da noti uku a hagu, sha ɗaya a dama, sikeli a miƙe: nawa ne a kowane ƙunshi, kuma ba a yarda a kwance ba. Da farko canka take yi. Sannan da kanta ta gano cewa in ta cire uku daga nan dole ta cire uku daga can, in ba haka ba hanga ta karkace. Ya rage ƙunshi biyu da takwas, kowane huɗu ke nan. Da muka koma takarda tana rubuta kalmar "ƙunshi" gaba ɗaya, da ta gaji ta koma rubuta ƙ kaɗai, kuma na bar ta a haka kusan wata guda. Ranar da ta buɗe littafin makaranta ta ga 2x + 3 = 11, cewa ta yi, "Ai ƙunshi ne, sun dai canza masa suna."

A wajen neman yadda zan yi mata bayani ne na karanta cewa kalmar aljabara daga Larabci take, daga sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kan lissafin jabru da muƙabala. Jabru shi ne cike giɓi, ka ƙara abu ɗaya a ɓangarorin biyu don kawar da ragi. Muƙabala kuma ka soke abin da ya yi daidai a nan da can. Wato aikin da take yi a ƙofar kicin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Sai na tuna surukina, Malam, wanda a unguwarsu a Zariya shi ake kira in za a raba gado.

Da ya zo duba jikar tasa, na roƙe shi. Ya yi dariya ya ce, "Zo nan amarya, in kin iya wannan na ƙara miki sadaki." Ta ce, "Kaka, ni na fasa auren, ka tsufa." Ya sa aka kawo masa wake a faranti. Ya ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Ayoyin ta san su daga Islamiyya, na 11 da 12 a Suratun Nisa'i, amma ba ta taɓa ganin an ƙirga su da hannu ba. Ya ce, "Wake nawa za mu ɗiba, yadda za a fitar da tumuni a fitar da sudusi ba a fasa ƙwaya ko ɗaya ba?" Ta ce takwas, aka gwada, sudusi ya ƙi. Ta ce sha biyu, tumuni ya ƙi. Sha shida, sha takwas, har ta iso ashirin da huɗu. Malam ya ce, "Wannan shi ne asalin mas'ala." Mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17. Ta fara raba sha bakwai gida uku, biyu na namiji ɗaya na mace, ƙwaya biyu suka yi saura, ta ɓata rai. Bai ce mata komai ba, goronsa kawai yake ci. Can ta ce, "To a ninka duka sau uku mana." Aka ƙirgo 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Ta tara ta ga ya cika cif.

Abin da littattafai uku suka kasa, faranti ɗaya na wake ya yi shi kafin la'asar. Da daddare na mayar mata da rabi a tara da sulusi. Ta ce, "Bari in nemo asalin mas'ala." Shida. Uku da biyu, biyar bisa shida. Har yau da wannan sunan take kiransa, sunan Turancin kuma na sa ta haddace saboda jarrabawa.

Malam ɗin ne kuma ya zana mata hatimi mai gida tara, a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Abbansu ya ɗan haɗa gira, don shi da ya ji hatimi sai tunaninsa ya tafi ga tsubbu. Na ce masa mu lambobin kawai muke so, kuma wannan ilimi na gida ne: wani malamin Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗanda gefensu yake mara, kamar uku-uku da biyar-biyar, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Kwana biyu tana gogewa tana sakewa kafin ta samu. Sai ta kawo tambayar da ta fi ƙarfina a lokacin: me ya sa kullum 5 ce a tsakiya? Ni ma sai da na kwana biyu a kanta. Layi huɗu ne suke ratsa tsakiya, kowane 15, jimla 60. A cikinsu an taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka taɓa sau huɗu. Jimlar 1 zuwa 9 kuwa 45 ce. Ashe 45 da ƙunshi uku sun yi daidai da 60, ƙunshi ɗaya 5. Na nuna mata rabin hanya ta ƙarasa. Yanzu tana kan mai gida 25, ta riga ta lissafo cewa kowane layi 65 zai bayar, don 325 a raba gida biyar.

Ba komai na gargajiya ne ya yi mana amfani ba, kada in yi ƙarya. Na sa an haƙa mata gurabun dara talatin a tsakar gida, tana bugawa da ƙannenta, tana jin daɗi, tana koyon hangen gaba, amma ban ga ya taɓa aljabara ba ko kaɗan. Na bar shi a matsayin wasa, na daina ƙirga shi cikin darasi. Haka kuma ba komai na waya ne shirme ba. Khan Academy, shafin karatu na intanet, kyauta ce, tana da darasin share fagen aljabara a jere, kuma ana rubuta amsa da hannu a tambayoyi da yawa, ba canka ba. Nakan sauke bidiyo biyu da dare in akwai wuta, in kalla ni kaɗai tukuna, don Turancin Amurka yana yi mata sauri, sai mu riƙa tsayarwa ina mayar mata da Hausa. Sau biyu a mako ya ishe mu.

Littafin makaranta shi ne ginshiƙi, kwana huɗu a mako, tambaya goma zuwa sha biyu, ba hamsin ba. Sauran duk ƙari ne, kuma yanzu ba na sayen ƙari sai na san ramin da nake so ya cike. In na kawo sabon abu nakan bar shi a kan tabarma mako guda in ga ko za ta koma masa ba da umarni ba, sannan in tambaye ta "don me?" in ji ko akwai amsa. Manhajar taurari ta ci gwajin farko ta faɗi na biyu, littattafan kasuwa kuwa sun faɗi duka biyun, suna can ƙarƙashin gado.

Inda muka maƙale yanzu shi ne lambobin ƙasa da sifili. Na fara mata da littafin bashin mai shagon layinmu: ana bin ki 500, kika biya 200, saura ana bin ki 300. Tarawa da ɗebewa sun tafi lafiya lau. Da muka zo ninkawa, ragi sau ragi ya ba da ƙari, bashi ya ƙi yin bayani. Ta ce, "Umma, bashi sau bashi ya zama riba? Da kowa ya yi arziki a Kaduna." Na jera mata: 3 sau −2 ya ba da −6, 2 sau −2 ya ba da −4, 1 sau −2 ya ba da −2, 0 sau −2 ya ba da sifili, kowane mataki ana hawa biyu, to −1 sau −2 fa? Ta rubuta 2, ta daɗe tana kallonsa, ta ce ta ga haka ne amma zuciyarta ba ta yarda ba tukuna. Ta ce in Kaka ya zo da Sallah za ta tambaye shi ko akwai irin wannan a rabon gado.