Kore uku a bangon falona

Tun da damina ta ɗauke nake ta yiwa maigida naci akan a sake ma falon nan fenti, ruwan madarar da ke jiki ya kai shekara biyar, wajen makunnin wuta duk ya koma baƙi da hannun yara. Ni dai kore nake so. Ɗakin kakata a cikin gari rabin bangon kore ne na fentin mai, sama fari, in ka shigo daga rana tsaka sai kaji idonka ya huta tun kafin a miƙo maka ruwa, wannan sanyin nake nema a nawa falon.

Ranar Asabar muka je kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano, mai shago ya miƙo min katin kaloli, na buɗe shafin kore na tsaya ina kallo. Mu a baki kore ne, sai tsanwa, sai algashi, in ya cika muce kore shar, amma a katin nan layi-layi ne kowanne da lambarsa. Da ƙyar na tsame uku masu haske waɗanda a ido na uwa ɗaya uba ɗaya ne, har maigida yace ki rufe ido ki nuna ɗaya mana mu tafi. Mai fentinmu, wani dattijo da ya daɗe yana mana aiki, shi ya hana. Yace Hajiya kar ki zaɓa a shago, wutar nan ba irin ta gidanki bace, a sayi kaɗan-kaɗan na kowanne mu shafa a bango ki kwana biyu kina kallo. Nace Baba ai ɓarnar kuɗi ne, yace bokitin lita 20 guda biyu da za ki saya ki dawo kina cewa ba shi ba, shine ɓarnar.

Haka aka yi. Ya fara shafa fari a ƙasa saboda tsohon ruwan madarar kar ya rinjayi ido, sannan kowane kore ya yi masa fili kamar mita ɗaya, shafi biyu, a bangon da ke kallon taga da kuma wanda tagar take jiki. Yace kar in yanke hukunci yana jiƙe, sai ya bushe kalarsa ta gaskiya take fitowa.

Wallahi da suka bushe sai naga ashe ba dangin juna bane sosai. Kore ai haɗin rawaya ne da shuɗi, to na farko rawayarsa ta fi yawa, kamar ɓawon ɗanyen lemon tsami. Na biyu ya karkata wajen shuɗi. Na uku kuma akwai toka a cikinsa, in kin san garin kuka da aka tankaɗe aka zuba a farin kwano, to shi ne amma ya fi haske.

Tagar falona yamma take kallo. Da safe ɗakin a lumshe yake, na farkon nan ne ya fi kyau, yana ta walwala, har na kusa kiran mai fenti nace an gama. Da la'asar ta yi rana ta faɗo ta tagar da ja-jan haskenta sai ya koma rawaya-rawaya yana ɗaukar ido, na zauna a kujera minti goma naji kamar ɗakin ya ƙara zafi. Na biyu shi da la'asar yake kyau, sai dai da daddare da muka kunna fitilar sola mai farin haske ƙal ya koma sak irin kayan da ake sawa a ɗakin tiyata, sanyi ƙalau ba fara'a, 'yata ma da ta shigo tace Umma wannan kamar asibiti. Na ɗauko kwalin ƙwan fitilar na duba, an rubuta 6500K, wato farin haske mai shuɗi-shuɗi. Na sayo mai 3000K guda ɗaya, mai ɗan ruwan ɗorawa, na ɗaura, nan take duk ukun suka canza fuska. Don Allah duk wadda za ta yi fenti ta fara tsayar da irin ƙwan da za ta zauna da shi, in ba haka ba kala ɗaya za ki saya ki kwana da wata.

Akwai abin da nake yawan ji a bidiyon masu ƙawata ɗaki na Ingila da Amurka, wai tagar da ke kallon arewa haskenta sanyi gare shi kullum. Su a wajensu haka ne don rana ta kudu take bi musu duk shekara. Mu Kano muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tsaka tana ɗan karkata arewa, da hunturu ta koma kudu, ga hazo da yake mayar da hasken fari fat. Shi yasa ban ɗauki maganarsu dungurungum ba, gabas da yamma na fi lura da su.

Sai kafet ɗina ja. Ban kawo shi a rai ba sam, ashe ja in yana kusa da kore ƙara masa ƙarfi yake, duk koren da ke ƙasa kusa da shi ya fi na sama cika ido. A nan na uku ne kaɗai bai yi faɗa da shi ba.

Abin da ya ƙarasa min shawara ƙura ce. Kwana huɗu ban bari an goge wajen ba, iska ta fara kaɗawa, jar ƙurar nan tamu ta kwanta. A kan mai shuɗin ta fito ɓaro-ɓaro kamar an watsa garin bulo, a kan na ukun kuwa sai na shafa yatsa sannan na ga ta. Gidan da ke bakin titi mara kwalta irin namu wannan ba ƙaramin abu bane.

Na uku na ɗauka, kuma fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin na saya, ba emulshan mara sheƙi ba, ya fi tsada amma ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Illarsa ɗan sheƙin nan yana tona duk wani tudu da kwari na bango, dole sai da aka sake sikiridin, wato shafen da ke daidaita fuskar bango, a wuri biyu aka bi da sanfefa. Baba mai fenti ya juye bokitan biyu a babban roba ɗaya ya gauraya kafin ya fara, yace ko lamba ɗaya ce wani lokacin bokiti da bokiti suna ɗan saɓawa, sai an shafa gefe da gefe ake gani. Na kuma tsaya a kansa wajen ruwa, yace shi ma baya son a tsinka fenti, kore in ya sha ruwa bango yake yin dabbare-dabbare.

Ragowar kamar lita biyu na zuba a jarka na rufe gam, na rubuta lambar kalar a jiki da maka saboda gyara. Yanzu labule ya rage, na karɓo ƙyalle biyu wajen tela, fari da ruwan ƙasa, suna nan na rataye a tagar tun jiya ina jiran la'asar.