Rarar kuɗin albasa, ta wa ce?

Ɗalibin lauya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yakan gamu da wakilci sau biyu: a dokar kasuwanci da muka gada daga Ingila, sannan a fiƙihun Malikiyya, cikin babin wakala na Mukhtasar Khalil. A aji kowanne da malaminsa da jarrabawarsa. Da na fara aiki a wani ofishin lauyoyi a cikin garin Sakkwato ne na ga yadda suka yi ittifaƙi a kan abin da ya fi haddasa rigima tsakanin masu dukiya da yaransu, wato ribar da wakili ya ci a ɓoye.

Wani dattijo mai fataucin albasa daga Goronyo ya zo mana da yaron da ke raka masa kaya Legas. Ya yanka masa farashin da ba zai sayar ƙasa da shi ba. Yaron ya tarar kasuwa ta yi kyau a Mile 12, ya sayar fiye da haka, ya kawo wa maigidansa abin da aka yanka cif, ya riƙe rarar. Bai ɗauki kansa ɓarawo ba, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Hularsa na hannu ya ce, "Barista, mi Alhaji ya rasa? Ko sisi nasa bai yi ciwon kai ba." Alhaji dai carbinsa kawai yake ja.

Amsar doka ita ce ba a tambayar ko mai dukiya ya yi asara. Ana duba ta ina kuɗin suka biyo. Albasar ta Alhaji ce, shi ya biya motar, da sunansa dillalan can suka karɓi yaron, don haka rarar tasa ce sai in ya sani ya yafe. Kotun Ƙolin Birtaniya ta nanata wannan a 2014, a shari'ar FHR da Cedar Capital. An ɗauki kamfanin Cedar ya wakilci masu sayen wani otal a Monako, sai ya karɓi Yuro miliyan 10 daga mai sayarwa ba tare da ya fayyace musu ba. Kotu ta ce kuɗin amana ce a hannunsa, na waɗanda suka wakilta shi ne. Hukuncin ba tilas ba ne a kan kotunanmu, amma suna girmama irinsa.

Ga dattijon kuwa, hadisin Urwatul Bariƙi da ke Bukhari na kawo. Manzon Allah (SAW) ya ba shi dinari ya sayo tunkiya. Ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da tunkiya da dinarin duka, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Yaron ya san hadisin tun yana makarantar allo, bai dai taɓa haɗa shi da buhun albasa ba.

Sauran haƙƙoƙin ba su cika wahalar bayani ba. Wakili ya tsaya inda aka umarce shi, kada ya cakuɗa kuɗinsa da na maigida, ya ba da lissafi duk sa'ad da aka nema. Khalil ya hana shi sayar wa kansa kayan da aka ba shi, ya kuma hana shi miƙa aikin ga wani, sai in aikin bai dace da irinsa ba ko ya fi ƙarfinsa. A ɗaya gefen, in kaya suka lalace a hanya ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa, domin amintacce ne.

Gaskiya dai ina ganin laifin masu dukiya ma. Mutum zai tura yaro Legas a saman tirela, cikin rana da raɓa, amma bai taɓa yanka masa la'ada ba, sai "Allah ya yi albarka" da ɗan abin da ya ga dama. Haka ake yi da dillalan shanu a Kara da masu karɓar kuɗin haya. Shi ya sa yanzu duk yarjejeniyar wakilci da zan rubuta, nakan fara da la'ada: nawa ce, yaushe za a biya, kuma in an sayar sama da farashi, kashi nawa ne na wakili. Nakan karanta musu da Hausa a gaban shaidu biyu kafin kowa ya sa hannu.